Gidan Gaskiyar Indabo

Duk wanda ya girma a Zangon Wagadugu ya san Goro Jazz, ko da bai taɓa ɗaga ƙafa da sunan rawa ba. A zamaninsu biki ba ya amsa sunansa sai sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida sun kafa kayansu. Da can suna da yawa, har da mai busa ƙaho da 'yan amshi mata. Yanzu saura uku: Nagoggo mai waƙa, Sharu mai kalangu, da Zakari mai jita, wanda kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya.

Waƙarsu da ta yi suna ita ce Gida-gida. In za a faɗi gaskiya, ba wata hikima mai zurfi a cikinta. Nagoggo ne yake ɗaukar layin Zango daga bakin masallaci, ya bi shi gida bayan gida, ya kira mai gida da kirarinsa, ya kira matar da ta yi suna a tuwo ko a faɗa, har ya dire a bakin kwalbati. Wanda aka kira sai ya jefo goro kan tabarmar makaɗa, alamar yana nan kuma ya ji. Daga nan sunan ƙungiyar ya samo asali.

Ƙa'ida ɗaya gare ta. Tun suna samari limamin unguwa na lokacin ya kira Nagoggo ya ce masa, “Kiɗanku ban hana ba, ban kuma ce ku yi ba. Amma mamaci ba a kiransa da baki a filin rawa.” Nagoggo ya amsa da to, ya koma ya ba Sharu labari, su biyu suka kwana da abin a rai. Abin da suka fito da shi shi ne, in waƙa ta iso kan wanda ya rasu, Nagoggo ya rufe baki ya sunkuyar da kai, jita ta yi ƙasa, kalangu shi kaɗai ya faɗi sunan. Mai jin kalangu ya gane, ya ce Allah ya jiƙansa, a wuce gaba. Liman bai ce komai a kan kalangu ba, su ma ba su koma sun tambaya ba.

To, shekaru sun yi aikinsu. An tashi rabin unguwar, mutane suka watsu, wasu unguwar Nioko, wasu Zogona, wasu suka raɓe a Bilbalogho wurin dangi. Mutuwa kuma ta bi layin fiye da yadda Nagoggo yake binsa. Gida-gida ta koma kamar bakin tsohuwa, giɓi ya fi haƙori yawa. Nagoggo ya buɗe rumfar huluna da turare a ɓangaren Zango da ya tsira, ya ce shi da waƙa sai dai a banɗaki.

A wannan rumfar Fa'iza ta same shi wata hantsi. Ta kafe babur ɗinta, ta cire hular kwano, ta durƙusa ta gaishe shi. Jikar Indabo ce, Indabo kuwa taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa. Fa'iza a Zogona ta tashi, cikin 'yan jami'a, saboda haka Faransanci da Mosanci sun fi zama a bakinta. Hausarta tana nan, amma takan yi tuntuɓe. Yaaba take ce masa, yadda Mosawa ke kiran kaka.

“Yaaba, festibal za mu yi. Samarin Zango ne suka haɗa komite, a filin nan da aka tashi gidaje. Na ce musu sai an sa Goro Jazz a purogaram.”

Nagoggo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Amarya, mu ai mun ci zamaninmu. Wanda ya ci nasa ya ce zai ci na wani, shaƙewa yake yi. Ku kira yaranku masu wando a gwiwa su yi muku ihu.”

Ta yi magiya, ya ƙi. Da ya ga fuskarta ta canza, sai ya nemi abin da zai sa ta dariya.

“Bar wannan zancen. Ina tsohuwar nan mai ƙona waina? Har yanzu tana Nioko tana cinye wa ɗanta tuwo a banza?”

“Kaka? Ayya, Yaaba, ba ka ji ba? Ai ta tafi gidanta na gaskiya. Tun kafin azumi.”

Hular da ke hannunsa ta suɓuce ta faɗi cikin ƙasa. Bai duƙa ya ɗauka ba.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

“Vraiment, mu ma mun ji zafi,” in ji Fa'iza. “Amma ta huta, Yaaba. Wagadugu ta gajiyar da ita. Ita da bakinta kullum cewa take tana son ta je wurin iyayenta da kakanninta.”

“Ta sha wahala?”

“Ko kaɗan. Da safe ta tashi, ta yi sallama da kowa, ta ce a yafe mata. Shi ke nan.”

Zai sake magana wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ce 'yan komite ne suke jiranta, ta miƙe. Har ta hau babur ya kira ta, muryarsa ba irin ta ɗazu ba.

“Ki gaya musu za mu zo.”

Ta yi tsalle don murna, ta tafi. Shi kuwa ya rufe rumfa tun rana ba ta yi tsaka ba, abin da bai taɓa yi ba ko ran da zazzaɓi ya kama shi.

Wanda bai san su ba zai ce Nagoggo da Indabo ba sa ga maciji. Ita ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, sai Muryar Kwaɗo. Shi kuma ya bi gari yana cewa wainarta in ka jefi kare da ita sai an biya diyya. Amma lokacin da Goro Jazz ba su da ko sunan kirki, a gindin tandarta suke karyawa, a kwanar layi kusa da famfo, kuma ba ta taɓa barinsu su tashi da yunwa ba. Ran da mahaifiyarsa ta rasu ita ta wanke ta. In ya kira sunanta a waƙa, kowa tabarma yake jefa wa goro, ita kansa take nema, kuma ba ta cika kuskure ba.

Bayan tashin unguwa sun riƙa haɗuwa wurin suna da jana'iza, sannu a hankali hakan ma ya ja baya. Nioko da nisa, gwiwa ta yi nauyi, ita kuma ta rantse ba za ta riƙe waya ba, wai ba ta magana da wanda ba ta ganin idonsa. Kullum yana cewa mako mai zuwa zai je. Ga inda mako mai zuwa ya kai shi.

Abin da ya fi cin ransa kunya ce. Taubashiyarsa ta rasu, an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, yana zaune yana cinikin hula. Da wane ido zai je Nioko ya kalli ɗanta yanzu? Akwai kuma fushi a ciki, don ba wanda ya tuna ya aiko masa. Kunyar da fushin suka haɗu suka ɗaure masa ƙafa, ya kasa zuwa, ya kuma kasa tambayar kowa. Sharu kaɗai ya gaya wa.

Sharu ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da kalangunsa a cikin tsohon buhu, ya kakkaɓe shi, ya matse shi a hammata. Da ya taɓa fatar sai sunan ya fito sarai: Indabo ta bakin famfo, mai waina uwar marayu. Shekara da shekaru yana raka wannan baitin daga baya, bai taɓa faɗinsa shi kaɗai ba.

“Ban je na kai ta ba,” in ji Nagoggo. “Ban yi wa kowa gaisuwa ba. Wannan ce kaɗai ta rage mini, Sharu. A faɗi sunanta a gaban mutanen Zango, a inda tandarta take, su ce Allah ya jiƙanta ina tsaye.”

Daga ranar ba shi da wani buri sai wannan.

Sai dai komite ba Fa'iza kaɗai ba ce. Shugabansu Mudassir ne, mai ba da hayar lasifika da fitilun biki, saurayi mai ƙoƙari, wanda ya sha yawon neman izini har takalminsa ya cinye. Shi tun farko bai so a sa tsofaffi ba. Ya ce sai ya ji da kunnensa tukuna. Saboda haka wata ranar Lahadi suka zo gidan Sharu, shi da Fa'iza da wasu 'yan komite, suka zauna a benci ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

Zakari ya ja jita, Sharu ya shiga, Nagoggo ya ɗauko layi daga bakin masallaci. Muryar ta tsufa amma ba ta karye ba. Ya kira gidan farko, ya yi shiru, kalangu ya yi magana. Ya kira mutum ɗaya a gida na biyu, ya sake yin shiru. A gida na uku bai buɗe baki ba sam. Samarin suka fara kallon juna. Ɗaya ya ciro waya yana latsawa. Ba a kai ko rabin layi ba Mudassir ya ɗaga hannu.

“Pardon, Baba. A tsaya kaɗan.” Ya matso, ya rage murya don kada ya kunyata dattijo. “In baitocin ne suka ɓace maka, ba komai. Akwai tsohon kaset wurin kawuna, sai mu kunna maka ka tuna.”

Zakari, wanda bai ji abin da aka ce ba, ya ci gaba da kaɗa jitarsa shi kaɗai har Sharu ya taka masa ƙafa.

“Ɗana, ban manta ko ɗaya ba,” in ji Nagoggo. “Da zan iya mantawa da na fi haka ƙiba.”

Ya ba su labarin liman da ƙa'idarsa. Suka saurara da ladabi. Fa'iza ta riƙe baki, don ita ma ba ta taɓa sani ba. Mudassir ya sosa ƙeya.

“Na gane, Baba, kuma abin yana da kyau. Mais ka duba. Mu ba ma jin kalangu. Wallahi ni abin da na ji ɗazu kiɗa ne kawai da tsoho ya yi shiru. Mutane rawa za su zo yi, ba zaman makoki ba. Akwai yara masu sabbin waƙoƙi da suka shekara suna jiran su hau dandamalin podiyom sau ɗaya a rayuwarsu, kowane lokaci na ba ku daga bakinsu na cire. Mai son tsohuwar waƙa yana da ita a gida.”

Maganar gaskiya, yaron bai yi ƙarya ba, kuma Nagoggo ya sani. Shi ma da yana saurayi haka ya riƙa jin haushin tsofaffin masu goge da ba sa sauka daga fili.

“Ga shawara,” in ji Mudassir. “A cire wuraren shirun. Ka kira masu rai kawai, a yi ta da zafi-zafi, a gama. Kowa ya ji daɗi.”

Da a ce bara ne, da Nagoggo ya naɗe tabarmarsa ya ce su riƙe festibal ɗinsu. Zuciya gare shi, duk Zango an sani. Ya ji ta taso masa. Sai ya tuna kwanar famfo, ya haɗiye ta.

“Mudassir, tun da nake ban taɓa roƙon fili ba, fili ke roƙona. Yau ina roƙonka. Kada ka ba ni lokacin kowa. Ka ba ni wanda ba mai so, ko lokacin da ake jera kujeru ne. Amma ka bar mini waƙata da giɓinta. Akwai wanda nake bin kaina bashin gaisuwarsa a ciki.”

Ba daɗi a ga mai furfura yana roƙon ɗan cikinsa. Mudassir ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi.

“Bayan la'asar,” ya ce. “Kafin a kunna fitilu. Ba za a samu mutane sosai ba, Baba, kada ka ce ban gaya maka ba.”

“Allah ya yi maka albarka.”

Ranar festibal ta zo da rana mai zafi. An kafa podiyom a tsakiyar filin, a bayansa ga dogayen benaye, wasu an gama wasu an bar su da ƙarafa a tsaye. Masu zoom-koom, abin sha na gero, da masu brochette, wato tsire, suna ta kafa teburansu. Nagoggo ya sa tsohuwar rigar ƙungiya, wadda ta yi masa yawa yanzu. Da ya hau ya duba ƙasa, sai ya gane wurin: daga inda yake tsaye, kwanar famfo tana hannun dama, daidai inda aka ajiye janareta.

Mudassir ya yi kuskure a abu ɗaya. Mutane sun zo, sai dai ba irin waɗanda ya lissafa ba. Labari ya zaga cewa Goro Jazz za su yi Gida-gida, tsofaffin Zango suka fito daga duk inda aka watsa su. Wasu a bayan babur ɗin jikoki, wasu a tasi, wata a keken guragu. Suka cika kujerun gaba, mata sun yafa mayafai, kowa da ƙullin goro a gefen zane ko a aljihu. Samari suna can baya a kan baburansu, suna jiran a gama da tsofaffi a shiga harka.

Zakari ya ja jita. Nagoggo ya yi bismilla a zuci ya ɗauko layi.

A gidan farko kalangu ya faɗi sunan mai gida, sai kujerun gaba suka amsa gaba ɗaya, ƙasa-ƙasa, “Allah ya jiƙansa.” A gida na biyu Nagoggo ya kira Labaran mai atamfa da baki, sai ga wani tsoho ya miƙe da ƙyar, ya jefo goro, ya faɗi kan katakon podiyom ya gangara. Filin ya ɗauki tafi. Labaran ya ƙi zama, ya tsaya yana juya kafaɗa, jikokinsa suna ihu daga baya don ba su taɓa ganin ya taka ba.

Haka aka riƙa tafiya, goro nan, addu'a can. Samarin suka fara saukowa daga babura suna matsowa, kowa yana tambayar tsohuwar gidansu ko an zo nasu. Mudassir yana wurin na'urar sauti, sai wata dattijuwa ta jawo masa riga lokacin da kalangu ke magana.

“Kai, buɗe kunnenka. Abdulbaƙi ke nan ake faɗi, uban ubanka.”

Mudassir ya cire abin da ya toshe kunnuwansa da shi. Bai ji sunan ba, don ba a koyon jin kalangu a yini ɗaya. Amma ya miƙa hannu ya ƙara wa makirfon Sharu ƙarfi.

Nagoggo bai ga wannan ba. Shi tun da aka fara idonsa yana kan janareta, kowane gida ya wuce ƙirjinsa yana ƙara nauyi. Suka wuce gidan masu rini. Suka wuce gidan Aliyu Sani. Waƙa ta iso kwanar famfo.

Ya rufe bakinsa, ya sunkuyar da kai. Zakari ya sassauta. Sharu ya matse kalangu ya faɗe shi a hankali, bai yi gaggawa ba, kamar mai kiran wanda ke barci: Indabo ta bakin famfo, mai waina uwar marayu. Ya sake maimaitawa, abin da bai yi wa kowa ba. Kujerun gaba suka ɗauki salati, don da yawa yanzu suka fara ji. “Indabo ma? Allah ya jiƙanta.” Hawaye suka zubo wa Nagoggo, ya bar su, bai share ba. A ransa yana cewa, na kai ki, 'yar kawu, ki yafe mini.

Sai ji ya yi ƙwal a tsakiyar goshi.

Goro ne, fari, babba. Ya faɗo ya tsaya a gaban takalminsa.

“Kai, Muryar Kwaɗo! Uban wa ya ce maka na mutu?”

Kiɗa ya tsaya, ban da Zakari. Daga layi na uku wata 'yar tsohuwa ta miƙe, ta yaye mayafin da ta rufe fuska da shi, tana dogara sanda. Matar da ke kusa da ita, wadda yanzun nan ta gama cewa Allah ya jiƙanta, ta yi kururuwa ta bar takalminta ɗaya a wurin.

Nagoggo ya ja da baya har ya kusa faɗuwa, sai da Sharu ya tare shi.

Indabo ta ratso kujeru tana faɗa, mutane suna darewa. “Na kwaso tsufana tun daga Madawa, mota ta kakkarya mini ƙugu, na ce wa yarinyar nan kada ta gaya maka na zo don in ga idonka, ashe kai ka riga ka binne ni! Da raina da lafiyata ka ba kalangu sunana?”

Makirfo a buɗe yake, saboda haka duk filin ya ji amsar Nagoggo.

“Jikarki ce ta ce kin tafi gidan gaskiya.”

Ido ya koma kan Fa'iza, wadda ke tsaye gefen podiyom da tarin kujeru a hannu.

“Eh mana,” ta ce, ta rasa laifinta. “Gidanta na gaskiya. Garin kakanninta, can Nijar, inda asalinsu yake. Nan ai zama ne kawai, can ne vrai gida.”

Dariyar da aka yi a filin nan, har masu brochette sai da suka bar nama ya ƙone. Yarinya ta ɗauko zance daga Faransanci ta sa masa rigar Hausa, ba ta san ta aika kakarta lahira ba. Wata tsohuwa ta jawo ta ta raɗa mata ma'anar a kunne. Fa'iza ta saki kujerun, ta rufe fuska da hannu biyu, tana “Wayyo Kaka, pardon, pardon.”

“Bar ni da ke, sai mun je gida,” in ji Indabo. “Hausarki ta kashe ni, ta kuma hana a yi mini sadaka.”

Ta iso gindin podiyom ta ɗaga kai. Sai a lokacin ta ga fuskarsa da kyau, ta ga gemun ya jiƙe sharkaf, ta ga yadda rigar ke reto a jikinsa. Faɗan ya tsaya mata a baki. Tun suna yara take neman ranar da za ta ga Nagoggo yana kuka don ta yi masa dariya, ga ranar ta zo, dariyar ta ƙi zuwa.

“Ashe haka za ka yi,” ta ce, ba da ƙarfi ba. Ta juya wurin mai kalangu. “Sharu, na ji. Kowa sai ya tafi ake faɗa masa, ni Allah ya nufa na ji nawa da kunnena. Ya yi daɗi, na gode. Ka adana mini shi, ranarsa tana zuwa.” Ta buga sanda a ƙasa. “Amma ba yau ba. Kai kuma buɗe wannan bakin ka kira ni yadda ake kiran masu rai.”

Nagoggo ya share fuska da hannun riga. Ya duƙa ya ɗauki goron, ya riƙe shi gam. Ya dubi Mudassir, don lokacinsu ya riga ya wuce, yaran da za su hau suna tsaye da kayansu. Mudassir ya juya hannu a sama, alamar a ci gaba, yaran ma suka ajiye kaya suka matso.

Sharu ya koma baya ya ɗauko baitin daga farko, wannan karon a matsayinsa na ɗan rakiya. Nagoggo ya ja numfashi ya kira ta. Muryar ta fashe a tsakiyar sunan, ta fito a shaƙe, mummuna, irin wadda ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Bai damu ba, ya sake kira, ya kuma sakewa, yana godiya ga Allah da kowane kira. Indabo ta ba Fa'iza sandarta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, tsofaffin matan Zango suka karɓa.

Da guɗar ta lafa ta ɗago ta dube shi, tana kunce wani goron daga gefen zane.

“Kwaɗo dai kwaɗo ne,” ta ce. “Ƙara faɗi, ban ji da kyau ba.”